Ranar da Maharazu Ya Kwashe Tagogin Lungu

A unguwar Madabo, cikin wani lungu da a-daidaita-sahu ba ta iya shiga, akwai wani kafinta ana ce masa Maharazu. Aikinsa ɗaya ne, ƙyauren taga. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, tare da soron da yake aiki a ciki, da zarto, da guduma, da wani tsohon tef ɗin awo da lambobinsa suka fara gogewa. Kuma tsakani da Allah, idan ya zauna ya auna, aikinsa ba laifi. A mako yakan yi ƙyaure biyu, in ya matsa uku. Matsalar Maharazu bakinsa ce. In ya kafa ƙusa ɗaya, sai unguwa ta ji labarin goma.

Wata Asabar a farkon damina, wata ƙungiya ta shirya taron bita na yini guda a wani otal a wajen gari, kan yadda ake bunƙasa ƙaramar sana'a. Maharazu ya je ne saboda ya ji ana raba shinkafa da kaza. Da la'asar ya dawo da satifiket a cikin leda, da kati a rataye a wuya, da wata irin tafiya da ba da ita ya fita ba.

Ya tarar da matarsa Uwani tana tsince wake a tsakar gida.

"Uwani, daga yau kada ki ƙara ce mini kafinta a gaban mutane."

"To me zan ce?"

"Si'i'o."

"Ciwo? Ina ke maka ciwon?"

"Si'i'o na ce! Shugaban kamfani. Ke dai ba ki je bita ba."

Ya jawo kujera ya zauna, ya shiga yi mata darasi. Abu biyu ya riƙe daga bakin mai koyarwar. Na farko, babban kamfani ba ya bin gida-gida yana awo kamar tela. Kaya yake bugawa girma ɗaya, wanda ake kira sitanda, kwastoma ne zai daidaita kansa. Na biyu, ɗan kasuwa na gaske ba ya zaman jiran buƙata, ƙirƙiro ta yake yi.

Uwani ta ce, "To yaya ake ƙirƙiro buƙatar ƙyauren taga?"

"Wa yake buƙatar ƙyauren taga?"

"Wanda ba shi da shi."

Maharazu ya buga cinya. "Kin gani! Ko ke da ba ki je ba kin gane."

Uwani ta ajiye farantin waken ta dube shi da kyau. "Malam, don Allah me za ka yi?"

Washegari ya sayar da babur ɗinsa. Ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo injin yanka katako na hannu mai amfani da wutar lantarki, da katako cike da kura, da fenti shuɗi. Ranar Litinin da sassafe ya ɗauki guduma da abin ɓamɓare ƙusa, ya fara bin gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya da albishir. Kamfaninsa zai buɗe, kuma don a yi talla, kowane gida a lungun zai ba da tsohon ƙyauren tagarsa ya karɓi sabo fil, kyauta, nan da ranar Alhamis.

Kalmar kyauta ta yi masa aiki. Alhaji Ɗalha, mai shagon yadi a kasuwar Kwari wanda ya yi wa gaban gidansa siminti da tayil, shi ya fara cewa a cire. Mai unguwa Malam Isiyaku, dattijo mai haƙuri da ke karantar da manya a soronsa, ya ce tunda ɗan unguwa ne ke neman ci gaba, ba shi zai hana ba. Ya dai roƙi a hanzarta, don ɗakin da za a cire wa ƙyaure nan yake ajiye littattafan kakanninsa na rubutun hannu.

Wadda ta ba shi wuya ita ce Hajiya 'Yardada mai waina, wadda gidanta ke kallon soronsa.

"Wannan ƙyauren ubanka ne ya yi mini shi, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin bai taɓa yin ƙara ba."

"Shi ya sa, Hajiya. Tsohon yayi ne. Analog."

"Ana me?"

"Wato ya gama zamaninsa. Wanda zan kawo miki, in kika rufe shi ko sauro sai ya yi sallama."

"Maharazu, na san ka tun kana yawo ba wando. In Alhamis ta yi ban ga ƙyaure ba, kai zan kafa a tagar."

Kafin azahar ya cire ƙyaure ashirin da uku. Bai auna ko ɗaya ba, bai rubuta na wane ne wannan ba. Ya jibge su a soro, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon lungun, gida-gida da ramuka a bango. Ya kira Uwani.

"Dubi buƙata. Jiya babu ko ɗaya, yau ashirin da uku."

Ya koma ciki, ya jona inji, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ya leƙa waje ya tambayi mai shagon cajin waya, aka ce masa ai taransifoma ta buga tun da hantsi, kuma masu gyara sun ce sai an ga hali.

Uwani ta ce, "To ga zarto nan. Ka fara da hannu mana."

"Kin taɓa ganin Si'i'o da zarto?"

"Ban taɓa ganin Si'i'o ba ma sam. Kai ne na farko."

Talata ba wuta. Mutanen lungun suka rataya zannuwa da buhuna a tagoginsu, iska tana ɗagawa. Da hantsi aka ji ihu daga gidan Hajiya 'Yardada. Kyanwa ta shiga ta taga ta ɗauke kan kifin da ta ajiye don miyar waina. Kafin a gama wannan, wata kaza ta haye tagar wani ango ta yi ƙwai a kan gadonsa. Da yamma kuwa lungu ya gano wani abu da bai sani ba shekara da shekaru, wato ashe ƙyaure ne ke riƙe da sirrin mutane. Duk wanda ya yi magana a ɗakinsa, sai a amsa masa daga gida na uku. Wani magidanci ya tambayi matarsa ina hularsa, wata tsohuwa daga tsallaken lungu ta ce, "Tana kan firji, tun ɗazu nake ganinta."

Laraba da safe mutane suka taru a ƙofar soron Maharazu, kowa da tabon cizon sauro a goshi. Ya fito da katinsa a wuya.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Wannan shi ake kira matakin sauyi. Duk babban kamfani sai ya bi ta nan."

Hajiya 'Yardada ta ce, "Kamfanin ne ke bi, ko mu? Ni ban ga cizo ko ɗaya a fuskarka ba."

Aka duba, aka ga gaskiya ne. Tagogin gidan Maharazu na nan da ƙyamarensu, a rufe ruf.

"Wannan hedikwata ce," in ji shi. "Ita ake yi wa aiki a ƙarshe."

Don ya sanyaya wa Hajiya rai, kuma don ya sami filin ajiye sabon katako a soro, da rana ya faskare tarkacen da ya cika masa wuri, ya ɗaure dami biyu ya kai mata da kansa. Ya ce kyauta ce daga kamfani, ta yi suyar waina. Hajiya ta karɓa, don itace ya yi tsada. Ta hura wuta, ta ɗora tanda, ta zuba ƙullu. Tana cikin juya waina ta ga wani guntun katako mai koren fenti yana ci da wuta, da 'yar sakata a jikinsa. Ta jawo shi da sauri ta duba. Sakatar da hannunta ya saba da ita shekara talatin ce.

Da ludayin ƙullu a hannu ta tsallaka lungun.

"Maharazu! Tagata na soya waina da ita?"

"Hajiya, wannan shi ake kira sake sarrafa kaya."

"Sauran fa? Ina na mutane?"

"Ai dami biyu na kawo miki."

Labari ya zaga lungun kafin wainar ta huce: babu tsofaffin ƙyamare, duk sun shiga murhu. Yanzu ko an so komawa baya, babu inda za a koma. Wasu suka zo suka tsaya a kan murhun Hajiya suna leƙen toka, kowa na neman alamar nasa.

Alhamis ta zo, ba wuta, ba ƙyaure. A ranar ne abin ya taɓa Alhaji Ɗalha. Shi Alhaji kowa ya san shi da azumin Litinin da Alhamis, don shi da kansa yake sanar da mutane. In an miƙa masa goro sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, yau Alhamis." To da azahar, mutane na dawowa daga masallaci, iska ta ɗage zanen da aka rataya a babbar tagarsa. Sai ga Alhaji zaune a kan kafet, ya naɗe hannun riga, gabansa kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe, loma tana hanya.

Sahu guda na masallata ya tsaya. Alhaji ya tsaya. Lomar ma ta tsaya.

Wani ya ce, "Alhaji, a sha ruwa lafiya."

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga Alhaji a soron Maharazu, da miya a gefen baki.

"Kai! Ka san ko ni wane ne? Shekara goma ina gina mutuncina, ka zo ka cire masa ƙyaure!"

"Alhaji, ka yi haƙuri, matsalar daga ɓangaren makamashi ce."

"Likita ne ya ce in ci! Olsa gare ni!"

Hajiya 'Yardada ta leƙo ta ramin tagarta ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Alhaji. Ita olsar ce ta ce a sa man shanu?"

Ranar Juma'a da hantsi aka kawo wuta. Maharazu ya yi kabbara, ya jona inji, inji ya ɗauka da ƙara. Sai a lokacin Uwani ta yi masa tambayar da ta tsaya masa a wuya.

"Wane girma za ka yanka? Ba ka auna ba, kuma tsofaffin sun zama toka."

"Sitanda."

"Nawa ne sitandan?"

Mai koyarwar bai faɗi wannan ba. Amma Maharazu ba ya rasa amsa. Ya ce babbar taga a lungun ita ce ta Alhaji Ɗalha, ƙarama kuma ta Hajiya. Ya ware hannuwansa ya kwatanta ta Alhaji, ya matso da su ya kwatanta ta Hajiya, sannan ya tsayar da su a tsakiya.

"Uwani, auna tsakanin hannuwan nan. Wannan shi ne adalci. Ba a cuci babba ba, ba a cuci ƙarami ba."

"Malam, ga tagogin nan a buɗe, taku goma ne daga nan. Ka ɗauki tef ka je ka auna."

"In koma bin gida-gida? To me na je yi bita?"

Ta auna masa iskar da ke tsakanin hannuwansa. Kafin magariba ya yanka ashirin da uku, ya haɗa, ya shafe su da shuɗin fenti, ya jera a jikin bango. Gaskiya sun yi kyau. Duk girmansu ɗaya kamar an haife su rana guda. Ya aika gida-gida cewa gobe Asabar da ƙarfe goma za a yi bikin ƙaddamarwa, kuma mai unguwa ne zai fara karɓa.

Da safe ya kafa kanofi a ƙofar gidan mai unguwa, ya toshe lungun gaba ɗaya. Ya jera kujerun roba, ya aro lasifika, ya ɗaura jan ƙyalle a gaban tagar. Mutane suka cika, har da na unguwannin Mandawari da Zaitawa da labarin azumin Alhaji ya kai musu. Ta gabas kuwa sama ta fara haɗa fuska, amma Maharazu ya ce ya duba waya, ba ruwa sai Talata.

Ya yi jawabi na rabin awa. Ya ce daga wannan lungun za a kai taga Abuja, a kai Yamai, a kai Dubai. Ya ce nan gaba duk wanda ya buɗe taga a Afirka sai ya tuna da Madabo. Malam Isiyaku ya yanka ƙyalle da almakashin Uwani, aka tafa. Maharazu ya ɗauki ƙyaure na farko da bisimilla ya kai bakin taga.

Bai shiga ba. Ya fi ramin da kusan taƙi guda ta kowane gefe.

Ya juya shi a kwance. Bai shiga ba. Ya karkata shi. Bai shiga ba.

Hajiya 'Yardada ta ce, "A gwada a tawa mana."

Aka kai tata, ƙyauren ya rufe tagar da rabin bangon. Aka kai ta Alhaji Ɗalha, ya faɗa ciki gaba ɗaya, aka ji ya sauka a kan wani abu mai fashewa. Alhaji ya dafe kai ya ce, "Talabijin!" Aka bi gida ashirin da uku da ƙyaure a ka, jama'a na biye kamar rakiyar amarya. Inda bai yi yawa ba ya yi kaɗan. Ko taga ɗaya ba ta karɓe shi ba.

Aka dawo ƙarƙashin kanofi. Maharazu ya karɓi lasifika, gumi na bin katin wuyansa.

"Jama'a, kun gani da idonku. Kayan kamfani lafiyarsu ƙalau, duk girmansu ɗaya. Tagoginku ne ba su kai sitanda ba. Amma kamfani ba zai yar da ku ba. Za mu gyara tagogin."

Kafin kowa ya fahimci abin da yake nufi, ya ɗauko guduma da kurfi ya nufi bangon mai unguwa.

Malam Isiyaku ya ce, "Maharazu, ginin ƙasa ne fa. Ya girmi kakanka."

"Taƙi ɗaya kawai zan ci, ranka ya daɗe."

Ya buga sau ɗaya, ƙasa ta zubo. Ya buga na biyu, wani tubali ya fita ya bar gurbi. Ya gwada ƙyauren, yanzu ramin ya fi shi ta hagu. Ya ce to bari a daidaita dama. Ya daidaita dama, saman tagar ya tsage. Ya ce wannan tsagar dama tana nan. Uwani daga cikin mata ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ajiye gudumar nan don girman Allah!" Ya waiwayo ya ce mata a bar ƙwararru su yi aikinsu, sannan ya kai bugu na ƙarshe a ƙasan tagar.

Bangon ya yi wani nishi. Daga tagar har ƙasa ya sulale ya zube a lungu, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, sai ga ɗakin mai unguwa a buɗe, da buzunsa, da butarsa, da littattafai jere a kan kanta cikin gafakarsu ta fata. Maharazu na tsaye a tsakiyar ɓaraguzai, fari fat da ƙura, riƙe da ƙyaure shuɗi da babu bangon da za a kafa shi.

A daidai lokacin aka yi tsawa, iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Malam Isiyaku bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Littattafan."

Nan lungu ya manta da Maharazu. Maza suka ciccibi kanofin da ƙafafunsa suka kifa a bakin ramin. Aka yi layi, ana miƙa gafaka hannu zuwa hannu har cikin soron Hajiya 'Yardada. Alhaji Ɗalha ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda ya lulluɓe na ƙarshen, ya rungume ya ruga da su. Ko warƙa ɗaya ba ta jiƙe ba. Sauran gidajen kuwa ruwa ya shiga ta tagogi ashirin da biyu ya yi yadda ya ga dama. Mata na tare ramuka da faranti da tabarma da murfin tukunya. Masu wayo suka wawuri shuɗayen ƙyamaren suka kifa a ka suka gudu gida, kuma an shaida cewa a wannan aikin sun yi daidai da kowa.

Da ruwa ya ɗauke, aka zauna a soron mai unguwa. Maharazu ya fara cewa a kowane sabon kamfani akan sami ƙalubale. Malam Isiyaku ya ɗaga masa hannu.

"Ya isa. Ga hukunci. Yau za a cire ƙyamaren gidanka a kafa wa Hajiya da masu jarirai, ko sun yi daidai ko ba su yi ba. Gobe za ka ɗauki tef ka bi gida-gida. Ka auna, ka rubuta, ka sake aunawa. Uwani ce za ta riƙe takardar. Ba za ka mayar da naka ba sai ka gama na kowa."

"Ranka ya daɗe, a tsarin kamfani, mace ba ta cikin..."

"Uwani, kin ji?"

"Na ji, Baba. Dama ina da biro."

Mako takwas ya ɗauka yana aikin, yawanci da zarto, don wutar ba ta sake zama ba. Sauro ya ci rabonsa a jikinsa har ya ƙoshi. Bangon mai unguwa kuwa magina suka ce ba zai ɗinku yadda yake ba, sai dai a mayar da wurin ƙofa. Aka yi hakan, aka sami ƙofa mai faɗi da ɗalibai ke shiga ɗaukar karatu kai tsaye daga lungu.

Wata ranar Laraba, Maharazu na durƙushe yana kafa ƙyaure na ashirin da biyu, Uwani na tsaye a kansa da takarda, sai ga wani baƙo ya shigo lungun yana neman gidan wani. Ya tsaya a gaban sabuwar ƙofar yana dubawa.

"Kai, wannan ƙofa ta yi fili. Wa ya fitar da ita?"

Maharazu ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya gyara hula.

"Mu ne. Bugu huɗu kawai. Yanzu kamfani ya faɗaɗa, mun shiga harkar ƙofofi. Malam, a wace unguwa gidanka yake?"

Baƙon ya buɗe baki zai amsa. Sai ƙyamare suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya daga farkon lungun har ƙarshensa, kawuna suka leƙo, maza da mata, har da mai unguwa.

"Kada ka faɗa masa!"